Asabar ɗaya tare da masu kula da rumbun bayanai

A mafi yawan ma'aikatu, mai kula da rumbun bayanai mutum ɗaya ne tak. Masu rubuta manhaja suna da yawa, suna zama wuri ɗaya, suna duba aikin juna suna gyara wa juna, amma wanda aka ɗora wa alhakin tabbatar da cewa bayanan ma'aikatar suna nan daram, kuma za a iya maido da su in wani abu ya same su, galibi ba shi da abokin shawara a cikin ginin baki ɗaya. Da yawa daga cikin masu wannan sana'a ma ba su zaɓe ta da kansu ba. Wanda yake riƙe da aikin ne ya tafi, shugabanni suka duba suka ga wane ne ya ɗan iya SQL, wato harshen da ake ba rumbun bayanai umarni da shi, suka damƙa masa. Daga ranar, duk abin da ya lalace shi za a tambaya, alhali babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya koya masa. Wannan kaɗaici ne ya sa nake ɗaukar taron SQL Saturday da muhimmanci, kuma shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na gani a wanda na halarta a birnin da nake aiki a Amurka.

Taron horo ne na yini ɗaya ga masu aiki da SQL Server, manhajar rumbun bayanai ta kamfanin Microsoft, da sauran kayan sarrafa bayanai da ke kewaye da shi. Mutum uku ne suka ƙirƙiro shi, Andy Warren da Brian Knight da Steve Jones, kuma an yi na farko a 2007 a birnin Orlando na jihar Florida. Giɓin da ya zo ya cike a bayyane yake. Babban taron wannan fanni, wato PASS Summit, wanda aka fi yi a Seattle, yana buƙatar kuɗin rajista mai tsoka da kuɗin jirgi da na otal na kwanaki, sannan yana buƙatar shugaban da zai yarda mutum ɗaya tilo da ke kula da rumbun ya bar ofis mako guda. Wanda ya fi kowa buƙatar horon shi ne ya fi kowa rashin damar zuwa. Shi kuwa SQL Saturday ana yin sa ne a garin da mutane suke, a ranar da ba a zuwa aiki, ba a biyan kuɗin shiga in ban da ɗan abin da ake karɓa na abincin rana a wasu wuraren, kuma mazauna garin ne ke shirya shi da kansu. A haka ya yaɗu zuwa ɗaruruwan tarurruka a nahiyoyi daban-daban, har da biranen Afirka ta Kudu irin su Johannesburg da Cape Town.

Namu an yi shi ne a harabar wata kwaleji da ta ba da aron azuzuwanta. Masu aikin sa-kai ne a bakin ƙofa suna raba katin suna da takardar jadawalin darussa, kuma a kowace sa'a akwai darussa da dama da ke gudana lokaci guda a azuzuwa daban-daban, an rubuta a gefen kowanne ko na masu farawa ne, ko na matsakaita, ko na waɗanda suka yi nisa. Dole mutum ya zaɓa, kuma duk wanda ya zaɓa ya rasa wasu. Na bar darussan da suka shafi sababbin kayayyaki na girgijen intanet, domin irin wannan bayani ana samunsa a shafukan kamfanonin da ke sayar da su, na nufi waɗanda nake ganin sai a bakin wanda ya sha wuyar abin ake jin su.

Darasin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na kwafin ajiya da maido da bayanai. Wata mata ce ta gabatar da shi, wadda ta ce ta shafe shekaru masu yawa tana wannan aiki a wata cibiyar lafiya, kuma ba ta fara da umarnin kwamfuta ko ɗaya ba. Ta fara ne da tambayoyi biyu da ta ce shugabannin ma'aikata ne ya kamata su amsa, ba mai kula da rumbu ba: bayanan minti nawa ko sa'a nawa ma'aikatar za ta iya jure rasawa, kuma tsawon wane lokaci za ta iya jure zama babu rumbun kafin asarar ta fi ƙarfinta? Ta ce sai an samu amsar waɗannan a rubuce sannan ake tsara yadda za a riƙa ɗaukar kwafi, domin wanda yake ɗaukar cikakken kwafi sau ɗaya a dare ya riga ya yanke wa ma'aikatarsa hukuncin cewa za ta iya rasa aikin yini guda, ko shugabannin sun san da hakan ko ba su sani ba.

Daga nan ta shiga yadda abin yake aiki. SQL Server yana da kwafi iri uku da aka fi amfani da su. Akwai cikakken kwafi, wanda ke ɗauke rumbun gaba ɗaya. Akwai kwafin bambanci, wanda ke ɗauke abin da ya sauya tun daga cikakken kwafi na ƙarshe. Sannan akwai kwafin kundin ma'amaloli, wato kundin da rumbun ke rubuta kowane sauyi a cikinsa kafin ya tabbatar da shi. Wannan na ukun shi ne ke ba da damar a maido da rumbu zuwa wani takamaiman lokaci, misali minti ɗaya kafin wani ya goge tebur bisa kuskure, ta hanyar umarnin STOPAT. Amma yana da sharaɗi biyu da ta jaddada. Na farko, sai rumbun yana kan tsarin FULL, wato saitin da ke riƙe kundin har a ɗauki kwafinsa, domin a tsarin SIMPLE, mai sakin gurbin kundin da kansa, ba a iya ɗaukar kwafin kundin sam. Na biyu, kwafin kundin sarƙa ce, kowane guntu yana ɗorawa a kan wanda ya gabace shi, saboda haka in guda ɗaya ya ɓata a tsakiya, ba za a iya tsallake shi a ci gaba ba. Ta kuma bayyana abin da ke damun masu farawa da yawa, wato faifan ajiya ya cika ba tare da bayanan sun ƙaru ba. Dalilin shi ne an bar rumbu a tsarin FULL amma ba a ɗaukar kwafin kundinsa, shi kuwa kundin ba ya sakin gurbin da ya cika sai an ɗauki kwafinsa, don haka sai ya yi ta kumbura har ya cinye faifan, rumbun ya daina karɓar rubutu. Mutane da yawa a ajin sun gyaɗa kai a wannan gaɓa, alamar abin ya taɓa samun su.

Abin da ta fi daɗewa a kansa shi ne gwaji. Saƙon da ke cewa an ɗauki kwafi cikin nasara bai tabbatar da cewa za a iya maido da bayanai daga kwafin ba, kuma umarnin RESTORE VERIFYONLY, wanda mutane ke dogara da shi, yana duba ne ko ana iya karanta fayil ɗin kuma ya cika, ba ya bincika lafiyar tsarin bayanan da ke ciki dalla-dalla. Hanyar tabbatarwa ita ce a maido da kwafin a wata saba ta daban, wato wata kwamfutar da ke ɗaukar rumbu, a gudanar da DBCC CHECKDB, umarnin da ke bincika lafiyar rumbu, a kansa, a kuma rubuta tsawon lokacin da aikin ya ɗauka. SQL Server yana ajiye bayanai a shafuka masu girman kilobait 8, kuma shafi na iya lalacewa a kan faifai ba tare da kowa ya sani ba har sai ranar da aka zo karanta shi. In lalacewar ta yi watanni ba a gano ba, to duk kwafin da aka ɗauka a watannin yana ɗauke da ita, kuma mai yiwuwa an riga an share tsofaffin kwafin masu lafiya domin samar da wuri.

Misalin da ta kawo ba na SQL Server ba ne, kuma hakan ya burge ni, domin ya nuna darasin bai tsaya ga kayan kamfani ɗaya ba. A ranar 31 ga Janairun 2017, wani injiniya a kamfanin GitLab, yana ƙoƙarin gyara matsalar kwafar bayanai tsakanin saba biyu na PostgreSQL, wata manhajar rumbun bayanai ta daban, ya goge ma'ajiyar bayanan babbar sabar a maimakon ta biyun. Bayanan sun kai kimanin gigabait 300, kuma kafin ya tsayar da umarnin abin da ya rage bai kai gigabait 5 ba. Da aka juya ga hanyoyin ajiya da kamfanin ya tanada, sai aka tarar ba sa aiki yadda aka zata. Ɗaya daga cikinsu ta daɗe da tsayawa saboda manhajar ɗaukar kwafin ta PostgreSQL 9.2 ce alhali rumbun 9.6 ne, kuma saƙonnin imel da ya kamata su sanar da gazawar ba sa isa ga kowa. Abin da ya cece su shi ne wani kwafi da aka ɗauka da hannu kimanin sa'a 6 kafin lamarin, don haka bayanan waɗannan sa'o'in suka salwanta. Kamfanin ya wallafa cikakken bayanin abin da ya faru, har ya nuna aikin maidowar kai tsaye a YouTube. Mai gabatarwar ta ce ba don a zargi injiniyan ta kawo labarin ba, domin gajiya da kuskuren hannu suna samun kowa. Ta kawo shi ne don a ga cewa babu wanda aka ɗora wa alhakin gwada maidowa a kai a kai, kuma a nan ne ainihin ɓarakar take. Ni ma haka nake gani, kuma ina ganin bayanin da GitLab ya fitar ya amfani wannan sana'a fiye da littattafan horo da yawa.

Wani matashi a bayan aji ya ɗaga hannu ya ce su a wurinsu suna da saba ta biyu da ke karɓar kwafin kowane sauyi nan take, ta tsarin Availability Groups da ya zo da SQL Server 2012, shin wannan bai wadatar ba? Amsar da ta ba shi gajera ce. Tsarin yana kare ma'aikata daga mutuwar na'ura, amma in wani ya goge layukan tebur bisa kuskure, gogewar ma za ta isa saba ta biyu cikin daƙiƙu, domin ita ma sauyi ce kamar kowane sauyi. Bai ji kunyar tambayar ba, ita ma ba ta sa ya ji ba.

Bayan abincin rana na shiga darasin da ya shafi tambaya, wato umarnin neman bayanai daga rumbu, wadda ke gudu da sauri yau, gobe kuma ta yi nauyi ba tare da an taɓa komai ba. Wannan matsala ta daɗe tana wahalar da masu sana'ar, kuma mai gabatarwar ya nuna ta a kan allo ƙarara. Idan aka fara gudanar da tambaya mai karɓar ƙima daga waje, kamar lambar abokin ciniki, SQL Server yana duba ƙimar farko da aka ba shi, ya ƙiyasta yawan layukan da za ta dawo da su bisa ƙididdigar da yake ajiye da ita, ya tsara hanyar aiwatarwa da ta dace da wannan adadi, sannan ya ajiye hanyar a ƙwaƙwalwa domin ya riƙa amfani da ita ga duk wanda ya zo daga baya. In abokin ciniki na farko yana da oda goma, hanyar za ta kasance bin fihirisa, wato jerin da ke nuna inda kowane layi yake, a ɗauko layi ɗaya bayan ɗaya, wadda ta dace da ƙaramin adadi. In na biyu yana da oda miliyan biyu, za a bi masa wannan hanyar dai, sau miliyan biyu, kuma sabar za ta durƙusa. Ya ce abin da ya sa matsalar ke ruɗa mutane shi ne kashe sabar da sake kunna ta yana share hanyoyin da aka ajiye, sai komai ya koma daidai na ɗan lokaci, a ɗauka an gyara, alhali an share shaidar ne kawai. Ya nuna yadda Query Store, wanda ya zo da SQL Server 2016, ke ajiye tarihin hanyoyin da kowace tambaya ta bi da lokacin da kowace ta ci, har a iya tilasta wa tambayar ta koma kan hanyar da ta fi dacewa. Ya kuma yi gargaɗin cewa tilastawar magani ce ta gaggawa, domin bayanai suna sauyawa, kuma hanyar da ta dace a bana tana iya zama ita ce matsalar baɗi.

A darussan biyu, kayan aikin da aka yi ta ambata ba na sayarwa ba ne. Rubutattun umarnin Ola Hallengren na ɗaukar kwafi da duba lafiyar rumbu da gyaran fihirisa kyauta ne, kuma ma'aikatu da yawa a duniya a kansu suke tafiya. Haka sp_WhoIsActive na Adam Machanic, mai nuna abin da ke gudana a saba a wannan lokacin, da sp_Blitz na Brent Ozar, mai zaƙulo kurakuran saiti, da dbatools da Chrissy LeMaire ta fara, wanda a cikinsa akwai umarnin Test-DbaLastBackup da ke maido da kwafi na ƙarshe ya duba lafiyarsa ya ba da rahoto. Mutanen da ke halartar irin waɗannan tarurruka su ne suka rubuta waɗannan kayan, su ne kuma suke gyara su.

Hirar da ake yi a farfajiya tsakanin darasi da darasi tana da nata amfanin da jadawali ba ya nunawa. Na zauna cin abinci da wani dattijo da ke kula da rumbun wata ƙaramar hukuma da wata matashiya da ba ta daɗe da karɓar aikin ba a wani kamfanin jigilar kaya. Ta yi bayanin wata matsala ta toshewar tambayoyi da ke faruwa a wurinsu kowace safiya, shi kuma bai ba ta amsa kai tsaye ba, sai ya yi ta tambayarta: wane aiki ne aka tsara yana gudana a wannan lokacin, akwai ma'amalar da ake buɗewa a bar ta a buɗe, wa yake jiran wa? Kafin mu tashi ta rubuta abubuwa uku da za ta duba ranar Litinin. Kamfanin ba da shawara zai karɓi kuɗi mai yawa kan wannan rabin sa'a, amma abin da ya fi kuɗin muhimmanci a wurina shi ne ta ga yadda gogagge ke bin matsala daki-daki, wanda ba ta da wanda za ta gani yana yi a ofishinsu.

Duk wannan yana tsaye ne a kan wahalar mutane ƙalilan. Masu gabatar da darussa ba a biyan su, kuma waɗanda suka zo daga wasu jihohi su ne suka biya wa kansu kuɗin tafiya da masauki. Masu shiryawa sun yi watanni suna neman wuri, suna tace batutuwan da aka turo, suna bin kamfanoni don su ɗauki nauyi. Kamfanonin suna kafa teburansu a farfajiya, mahalarta suna jefa katinsu a akwatin kowanne domin ƙuri'ar kyaututtuka da ake yi da yamma, su kuma kamfanonin suna samun sunayen waɗanda za su tallata wa kaya. Ciniki ne a fili, kuma ban ga aibu a cikinsa ba muddin ba a mai da azuzuwan dandalin talla ba. A wasu garuruwan ana yin horo na cikakken yini ranar Juma'a wanda ake biya, abin da aka samu yana taimaka wa malamin da taron. Tsarin ya yi kama da aikin gayya: ba a biyan wanda ya zo da fartanyarsa, amma kowa ya san gonarsa ma za ta buƙaci hannu wata rana.

Ƙarfin wannan tsari ya bayyana ne lokacin da uwar ƙungiyar ta rushe. Tun 2010 waɗanda suka kafa SQL Saturday suka miƙa shi ga PASS, ƙungiyar ƙwararrun SQL Server da aka kafa a 1999, ita ce kuma ke riƙe da sunan da shafin rajista. Kuɗin shigar PASS ya dogara ƙwarai ga babban taronta na shekara, saboda haka da annobar korona ta tilasta a yi na 2020 ta intanet, asusun bai ɗauka ba, ƙungiyar ta daina aiki a watan Janairun 2021. Kamfanin Redgate na Cambridge a Ingila ya sayi kadarorinta, ya ci gaba da shirya babban taron, sannan ya miƙa sunan SQL Saturday ga wata ƙungiya mai zaman kanta wadda ba ta neman riba. A daidai wannan lokaci wasu masu sa-kai, yawancinsu a Turai, suka kafa Data Saturdays domin kada tarurrukan su tsaya. Abin da na fahimta daga wannan tarihi shi ne ƙungiyar da ke sama ba ita ce take yin taron ba tun asali. Masu neman aron aji da masu shirya darasi da dare bayan sun tashi daga aiki suna nan a garuruwansu, kuma da aka samu hali suka ci gaba.

Ba na cewa tsarin ba shi da rauni. Tun da ba a biyan masu gabatarwa, waɗanda ke iya yawo gari-gari suna koyarwa su ne masu hali ko waɗanda kamfaninsu ke biya musu, don haka fuskoki ɗaya ake yawan gani, kuma mai aiki shi kaɗai a ƙaramar ma'aikata, wanda wataƙila ya fi kowa labarin da ya cancanci a ji, ba kasafai yake hawa gaban aji ba. Ingancin darussan ma ba ɗaya ba ne. Na shiga wani da mai gabatarwar ya karanta abin da ke kan allo daga farko har ƙarshe, ba tare da ya nuna ko misali ɗaya yana gudana ba. Sannan nauyin shiryawa yakan zauna a kan mutum biyu ko uku shekara da shekaru, in sun gaji taron garin ya mutu. Waɗannan matsaloli ne na gaske, amma maganinsu yana hannun mahalarta, kuma masu shirya namu sun faɗi hakan ƙarara a jawabin rufewa, inda suka ce suna keɓe gurbi ga wanda bai taɓa gabatar da darasi ba, kuma za su haɗa shi da gogaggen da zai duba masa shirinsa.

Da na koma aiki, na nemi zama da shugaban sashenmu na gabatar masa da tambayoyin nan biyu, na roƙi a ba ni amsarsu a rubuce. Na kuma samu aron wata tsohuwar saba da ba a amfani da ita, na tsara ta riƙa maido da kwafin manyan rumbunanmu kowane mako, ta gudanar da DBCC CHECKDB, ta aiko da rahoto ko an yi nasara ko ba a yi ba, domin shiru kada ya zama alamar lafiya kamar yadda ya faru a GitLab. Tsawon lokacin da kowace maidowa ke ɗauka yana shiga wani tebur, kuma waɗannan alƙaluma ne zan kai wa shugabanni mu gwada su da abin da suka ce za su iya jurewa. Na rubuta wa masu shirya taron cewa ina son gurbin sababbin masu gabatarwa a zagaye na gaba, kuma batun da na ba su shi ne yadda mai kula da rumbu shi kaɗai zai kafa wannan gwaji na mako-mako da kayan da ba a biya.